Duwatsu Arba'in da Ɗaya a Gwangwanin Madara

Ana dab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Sha-Yawo. Matarsa tana kwashe shanya, ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta leƙa da faɗa a bakinta. Ba kowa a layin. Na biyu kuwa a tsakiyar falo ya faɗo, ƙofa a rufe, taga a rufe. Ya gangara ya tsaya a gaban Auta, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu.

Sha-Yawo mai walda ne. Shekara ashirin kamfani yana jan sa ƙasa-ƙasa, kuma duk inda ya sauka sai ya je kallon gine-gine. Ya ga hasumiyar da hularka za ta faɗi kafin ka hango ƙarshenta. Ya ga fadar da aka sassaƙa a jikin dutse, ya ga ƙubbar da in ka yi tari a ƙarƙashinta sai ta amsa maka sau uku. Wasu turare suke kawowa tsaraba. Shi kuwa sai ya faki idon masu gadi ya ɓanɓaro ɗan dutse ya jefa aljihu. Guda arba'in da ɗaya ya tara a gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. In ya soma ba da labarinsu, nan take 'ya'yansa kan tuna suna da wanki. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa: "Can ake gini. Wannan namu ai akurki ne."

A rana ta uku Auta ta daina magana. Da rana ta yi ja sai ta tashi ta manna bayanta da bango, ta ɗaga hannuwa sama kamar mai tallabe rufi. Yayyenta biyu ƙarti suka rataya a hannun, bai ko girgiza ba. Haka za ta tsaya har duhu ya shiga, hawaye na zuba, duwatsu na sauka a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. Uwar ta rasa abin yi sai goge mata fuska da gefen zane.

A rana ta tara aka ɗauko Malam, wani dattijo mai maganar ƙasa-ƙasa. Ya zauna a tabarma ya yi ta karatu tun la'asar. Rana na faɗuwa bakin Auta ya buɗe, murya ta fito, tsohuwa, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa na zo ba."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ita ta buɗe murfin gwangwanin tana shara. Ubanta ne ya yi mini. Shekara ɗari bakwai ina cikin bangona, ban taɓa kowa ba. Ya ɓalle ni da tsinin makulli, ya cusa ni a gwangwani. A mayar da ni gida."

Sha-Yawo ya yi zumbur ya ce ko gobe zai kama hanya. Malam ya juyo gare shi.

"Wane ginin ne?"

Aka zazzage gwangwanin a kan tabarma. Hannun Auta ya sauko ya nuna wani ɗan dutse ruwan ƙasa. Sha-Yawo ya juya shi, ya shinshina, ya kai shi kusa da fitila. Bai taɓa rubuta komai a kan ko ɗaya ba, don a ganinsa ba zai manta ba.

Ya rarumo hotunan tafiye-tafiyensa ya dinga ɗaga wa yarinyar. Muryar ta yi wata dariya mai kama da kuka.

"Ban taɓa ganinsa ta waje ba. Kai ka taɓa ganin ƙeyarka? Abin da na sani, akwai sanyi, akwai tattabaru, akwai wata tsohuwa mai jan ƙafa da ke shara da safe."

"Ai duk haka suke," in ji Sha-Yawo.

Aka daɗe ana ja. Malam ya yi lallashi, ya yi barazana, daga ƙarshe aljanin ya kafa sharaɗi. Zai saki yarinyar ya koma cikin dutsensa. Kowace magariba Sha-Yawo zai ba shi labarin gini ɗaya dalla-dalla, ko zai gane nasa.

"In suka ƙare ban ji nawa ba, zan dawo cikinta. Ita kaɗai ce wuri mai ɗumi da na samu."

Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta. Malam ya naɗe tabarmarsa bai kalli kowa ba. "Iyakar abin da na iya ke nan. Sauran sai Allah."

Aka ajiye dutsen a bakin taga. Mutumin da ya sha neman mai sauraro, ga shi ya samu wanda ba ya tashi. Kullum ya gama sai tsakuwa guda ta faɗo a kan kwano, ma'ana ba shi ba ne. Matarsa tana ƙirga kwanakin a zuci, tana satar kallon hannuwan Auta. Tsakuwa ta arba'in da ɗaya ta faɗo ranar wata Talata.

Washegari da magariba ya zauna gaban taga, ba sauran gini a kansa. Auta na zaune kusa da uwarta, yatsunta sun soma motsi.

"Baban Auta, ka ce wani abu," matar ta raɗa. "Ko mene ne."

Ya matsa kusa da dutsen. Sannan ya ce, "Akwai wani gini mai ɗaki uku. Rufinsa na yoyo ta kusurwar gabas. Ƙofar kicin sai an ɗaga ta take rufuwa. A jikin bangon falo akwai zanen fensir, inda aka auna tsawon yara biyar. Bulo ɗin ma, mai gidan ba ya nan aka yi shi, matarsa ce ta tsaya a kan magina da goyo a bayanta." Nan ya yi kuka kamar yaro.

Suka kasa kunne ga kwanon. Shiru.

Ba wanda ya san ko yarda aljanin ya yi, ko ƙarin bayani yake jira. Malam ma ya ce bai sani ba. Shekara shida ke nan Sha-Yawo bai kwana a wani gari ba. Kowace magariba yana gaban taga yana ba dutse labarin akurkinsa, ƙusa-ƙusa, yana jan zancen don kada ya ƙare.