Zaman Kaɗin Barakatu

Barakatu tana tuƙa tuwon dawa a tsakar gida mijinta Ɗantani ya shigo, ya jingine kekensa jikin rumbu ko ƙararrawa bai kaɗa ba. Nan take ta san da magana, domin kullum tun daga bakin zaure yake kaɗa mata.

"Sannu da zuwa, Maigida. Lafiya na ga ranka a ɓace?"

Ya zauna a kan turmi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Baba ne ya kira ni. Maganar zaman nan naku ne na ranar Alhamis. Wai an gaya masa mitin kuke yi, irin na 'yan siyasar birni."

Barakatu ta yi dariya har ta saki muciya. "Mitin? Da mazari da auduga?"

"Ba abin dariya ba ne, Baraka. Ya ce ku kuka zuga Saude ta yi wa Yaya Balarabe yaji."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

Barakatu 'yar Bebeji ce. A wani biki Ɗantani ya fara ganinta, daga ranar kuwa kekensa ya san hanyar Bebeji kamar hanyar gona, damina da rani, har aka ɗaura musu aure aka kawo ta Ɗansoshiya. Suna son juna, garin duk an sani. Abin da ya dame ta a farkon zuwanta shi ne kaɗaici. Kowace mace tana bayan dangarta, ba a haɗuwa sai an yi suna ko rasuwa. Ran nan ta ce wa maƙwabciyarta ta zo su yi kaɗi tare. Mako na gaba suka zama huɗu. Kafin a gama ɗibar auduga, kowace Alhamis bayan azahar inuwar tsamiyar gidansu cike take da mata, kowacce da izinin mijinta. Har da Tani, Bafulatanar da ke kawo nono daga ruga, takan sauke ƙwaryarta ta zauna.

Hannu na kaɗi, baki na magana. A nan ake jin wadda ɗanta ke zawo, da wadda ta kusa haihuwa ba ta da mai yi mata daka, da tsohuwar da ɗakinta ke yoyo. Kafin a tashi an san wadda za ta je ina. Doka ɗaya suka yi wa kansu: abin da mace ta faɗa game da cikin ɗakinta, a gindin tsamiyar nan zai tsaya.

"To me Saude ta gaya muku?" in ji Ɗantani. "Faɗa mini in je in wanke ki wajen Baba."

"Ba zan iya ba, Maigida. Amana ce."

"Ko ni?"

"Ko kai. Amma na rantse maka ba mu raba aure ba, ba mu kuma yi niyya ba. In ka yarda da ni, ya ishe ni."

Ya dube ta ya ce, "Na yarda da ke. Sai dai Baba ya ba da oda. Ko zaman ya tsaya, ko ki koma Bebeji."

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen zane. "Baba ubana ne. Zama ya tsaya. Ni da kaina zan aika wa matan."

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. Balarabe ɗan wan Malam Ubale mahaifin Ɗantani ne, shi kuwa ya yi ta yawo gidajen dangi yana cewa 'yar Bebeji ta kawo musu wayewar banza, ta kashe masa aure. Bayan sallar Juma'a dangi suka taru a zauren Malam Ubale, aka kira Ɗantani.

"Abin da 'yan'uwanka suka gani," in ji Malam Ubale, "shi ne ka sallami yarinyar nan. Macen da za ta tara mata a gidanka, a tambaye ta abin da aka faɗa ta ce amana, gobe kai ma sai ta fi ƙarfinka."

Ɗantani ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, tun da nake ban taɓa musa maka ba. Ka ce zama ya tsaya, ya tsaya, ko ƙorafi ba ta yi ba. Amma in sake ta ba tare da na ga laifinta ba, ina tsoron abin da zan gaya wa Allah. Ka yi mini haƙuri, Baba. In laifinta ya fito, ni da kaina zan kai ta Bebeji."

Balarabe ya yi tsaki. "An shanye shi."

Malam Ubale ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi, ya dubi ɗansa. "Tashi ka je. Amma kada ta ƙara shigo mini gida gaisuwa sai na neme ta."

Wannan ya fi komai yi wa Barakatu ciwo. Duk da haka kowace safiya sai ta dama kunu ta ba Ɗantani ya kai wa iyayensa. Wani lokaci a sha, wani lokaci a dawo da ƙwaryar yadda take. Ranar Alhamis takan zauna ita kaɗai da mazarinta, Ɗantani ya dawo daga gona da wuri ya zauna kusa da ita yana gyara mata auduga.

"Kai ne sabon ɗan mitin?" ta ce masa.

"Ni ne shugaba, ni ne sakatare."

Suka yi dariya, amma ya ga idonta ya cika.

Ana cikin haka aka kawo Asabe, yayar Ɗantani, daga Falgore inda take aure, don ta haihu a gida. Ita ce 'yar farin Malam Ubale da matarsa Inna Turai, kuma shekaru da yawa tana neman haihuwa sai yanzu Allah ya ba ta ciki. Ta haifi namiji. Kafin ranar suna jaririn ya koma.

Daga ranar Asabe ta daina magana. Ba ta kuka, ba ta ci, sai dai ta juya fuska ga bango. Aka yi rubutu, aka yi turare, Ɗantani ya ɗauko malamin asibiti daga Kiru ya duba ta ya ce jikinta lafiya lau. Inna Turai kuwa kunyar 'yar fari ta ɗaure ta. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle ta zauna ta rarrashe ta. Sai dai ta ajiye mata abinci a bakin ƙofa, ta koma bayan ɗaki ta yi kukanta.

Wata safiya sai ga Inna Turai a gidan Barakatu. Barakatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa mata tabarma.

"Ba zama na zo yi ba," in ji Inna Turai. "Yarinyar can za ta mutu ina kallo. Ki kira matan nan naki su zo su zauna da ita. Malam ya tafi kasuwar Kiru, ba zai sani ba."

"Inna, wallahi raina yana wajen Yaya Asabe. Amma Baba ya hana, ba zan yi a bayan idonsa ba. In ya ji daga baya, abin da ake faɗa a kaina ya tabbata ke nan. Ki yi masa magana, Inna. Ke zai ji."

Inna Turai ta koma gida. A zamansu duka ba ta saba tsayawa gaban mijinta da wata buƙata ba. Amma da ya dawo da la'asar, ta same shi yana alwala ta tsaya.

"Malam, ka yi naka maganin, na yi nawa, ba mu ga komai ba. Ka bar matan nan su zo."

"Su zo su yi mata me? Gulma?"

"Su zo su yi mata abin da ni uwarta na kasa."

Malam Ubale ya ajiye butar, ya dubi ƙofar ɗakin da 'yarsa take kwance. "Su zo," ya ce. "Amma a gidan nan, inda kunnena zai ji."

Ranar Alhamis suka zo, Barakatu a gaba. Ba wadda ta ce wa Asabe ta yi haƙuri, don ta riga ta ji wannan daga bakin kowa. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinta, suka ɗaga asabari, suka fito da auduga suka kama kaɗi suna hirarsu. Aka yi maganar tsadar gishiri, da rijiyar unguwa da ta fara ƙafewa. Asabe ba ta motsa ba. Malam Ubale yana bayan danga a kan buzunsa, carbi a hannu.

Alhamis ta gaba suka dawo. Ana cikin hira sai Tani Bafulatana ta ce, "Ni nawa na fari a hanyar mashaya ya rasu, yana bayana. Na yi ta tafiya ina yi masa waƙa ban sani ba. Sai da na sauke shi."

Wata tsohuwa, Laraba, ta ce ita uku ta binne kafin ɗaya ya tsaya, kuma har yau in ta ga sa'anninsu sai ta lissafa da sun kai kaza. Wata ta ce ita abin da ya fi damunta shi ne nonon da ya yi ta zuba ba mai sha. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta faɗa, abubuwan da wasunsu ko mazansu ba su taɓa ji ba.

Sai aka ji murya daga cikin ɗaki.

"Ni ko suna ba a sa masa ba."

Barakatu ta ajiye mazarinta ta shiga, ta zauna a bakin gado. "Wane suna kika so a sa masa, Yaya?"

"Adamu."

"To Adamu ne. Mu nan duk da Adamu za mu riƙa kiransa."

Asabe ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun ranar. Barakatu ta rungume ta. Inna Turai, wadda ke tsaye nesa, ta tako ta shiga ɗakin, ta dafa kan 'yarta ta ce, "Asabe." Matan da ke waje suka sunkuyar da kai, domin sun san ba ta taɓa faɗar sunan ba. Kafin magariba Asabe ta sha fura da nonon Tani.

A bayan danga Malam Ubale ya daɗe bai ja carbinsa ba.

Ba a jima ba kawun Saude ya zo daga Burumburum a kan maganar aurenta. A zauren Malam Ubale, gaban dattawa, ya faɗi abin da Barakatu ta ƙi faɗa. Balarabe dukan Saude yake yi, har ta ɗaure kayanta za ta hau mota ta shiga duniya inda ba wanda ya san ta. Matan zaman kaɗi ne suka hana ta, suka ce ta tafi wajen kawunta manya su shiga maganar.

"Ba don su ba," in ji shi, "da yanzu ba mu san inda 'yarmu take ba."

Dattawa suka yi wa Balarabe faɗa sosai, aka kafa masa sharaɗi kafin a yarda ya je biko.

Da yamma Malam Ubale ya aika a kira Barakatu da mijinta. Ta durƙusa daga nesa, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Matso, 'yata," ya ce. "Kina da abin da za ki wanke kanki tun ranar farko, kika zaɓi a zage ki da ki tona asirin wata. Na hana ki, kika hanu. Na zalunce ki, ki yafe mini."

"Baba, ba ka yi mini komai ba. Gyara kake nema."

"Zamanku ya ci gaba. Sai dai ina da roƙo ɗaya: ku riƙa yin wani a gidan nan, don tsohuwar nan ta ce ita ma tana da mazari."

Ya juya ga Ɗantani. "Kai kuma, ranar da ka ƙi bin maganata a zaure na ji haushinka. Yau na gode maka. Allah ya yi muku albarka."

A hanyar komawa gida Ɗantani ya rage murya ya ce, "Baraka, da an matsa mini na kai ki Bebeji fa?"

"Da ka dawo ɗaukata kafin mako ya zagayo. Na san mijina."

Da Asabe ta murmure ta koma Falgore, ta tara matan unguwarsu ita ma. Daga can wata ta kai abin Doguwa, wata ta kai Tudun Wada. Shekara na zagayowa Barakatu ta haifi 'ya mace, ranar suna gidan bai ɗauki matan da suka zo ba, Malam Ubale da kansa ya raɗa wa jaririyar suna Turai.

Haka haƙurin Barakatu da riƙon amanarta suka tsare mata aurenta, suka kuma jawo mata ƙaunar waɗanda suka so a kore ta. Taron mata ba duka ne gulma ba. In an gina shi a kan gaskiya da rufin asiri, yakan warkar da abin da magani ya kasa. Iyaye su bincika kafin su yanke hukunci, miji kuma ya tsaya wa matarsa da ladabi in ya san tana kan gaskiya.