Faifai Talatin da Ɗaya

A shagon gyaran rediyo a titin Sultana, nan birnin Manzon Allah, Hibatullah ta fara ganin Abdulsalam. Ni Iyatu, uwarta, ni na aike ta da kwalin faifan garmaho na marigayi babanta, guda talatin da ɗaya, a goge musu ƙura.

Wani injiniya Ba'amurke da mijina Mahmudu ya yi wa tuƙi ne ya bar masa su. Kiɗa ne marar kai, waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai, sarewa na tafiya ganga ta katse ta. Ban taɓa so ba. Amma mijina da shi yake shan shayi.

Yaron nan mai gyara, Abdulsalam, da ya buɗe kwalin nan take ya gane su. Wai 'yan kiɗan Amurka ne na shekarun saba'in, sun yi faifai ɗai-ɗai aka manta da su, ko a ƙasarsu da wuya ka samu. Ya ɗora ɗaya, minti ashirin suna tsaye. Hiba ta dawo gida ta zuba gishiri a shayi.

Na ga saƙonsa da Larabci a wayarta daga baya: "Ya Hibati, na sake jin na jiya. Inda sarewa take shiru, nan nake jiran ki."

Ita kuma: "Abdu na, kiɗan Baba ne, ka riƙe mini shi da kyau."

Bai riƙe ba. Abokin shagonsa Osman, wanda Hiba ta ƙi kulawa, ya sayar da kwalin ga wani mutumin Jidda, ya ɓace. Na je wajen umda, wato mai unguwarmu ta Al-Sih, sau uku. Wai ina takarda? Wace takarda? Mahmudu da hannunsa ya rubuta sunansa a bayan jakar kowane faifai!

Abdulsalam ya zo ban haƙuri, na ƙi buɗe ƙofa. Na ƙwace wayar Hiba. Da kakarsa Hajiya Fatna ta turo neman aure, na ce a faɗa masa: faifai talatin da ɗaya a gabana, ko babu aure.

Wata biyu shiru. Hiba ta daina ci, tana zaune ta ƙura wa garmaho ido, ba abin ɗorawa. Ina ganin ta, na kasa janye magana, na kasa lallashi.

Ran wata Juma'a bayan la'asar sai ga Abdulsalam da buhu biyu, ya rame. Ya durƙusa ya zazzage. Faifan kaba! Na rufe ƙwarya, masu ja da kore.

"Mene ne wannan?"

"Faifai, ya khala," wato inna da Larabci. "Talatin da ɗaya, ki ƙirga."

Ashe yaron a nan aka haife shi, Hausarsa ta jin kira ce, abin garmaho da Larabci kawai ya san sunansa. Kakarsa kuwa ta ɗauka al'adar gidanmu ce. Shi ne ya bi matan Cadi a Uhudu ɗaya bayan ɗaya suna saƙa masa.

Na ce na babanta nake nufi. 

"Waɗancan na je Jidda sau huɗu, khala. Wallahi ban same su ba. Ba ni da komai sai Hiba, ita ma ba ni da ita."

Na juya, Hiba tana bakin labule, ba ta ko share hawayen. Wa zan kai ƙara kuma?

Na karɓi faifan kaban, bayan Sallah aka ɗaura aure. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa jikokina su ji Hausa. Osman kuwa ban yafe ba. Duk wanda ya ga faifai da sunan Mahmudu a bayan jakarsa, gidana na nan a Al-Sih.