Ƙunar Yatsu Biyu

Da hannun hagu Dakta ya miƙa wa Sufeto kujera. Yatsu biyu na hannun damansa a naɗe suke da filasta. Sufeto ya gani, ya zauna.

"An sace faifan ajiya daga babbar kwamfutar laburare," in ji Dakta, shugaban wani sashe a jami'a. "Duk kundayen digirinmu na ciki. Yarinyar nan, Injiniya, ita kaɗai ke taɓa injin. Ku tafi da ita kawai."

"Ranka ya daɗe, ni aka turo bincike ko kai?"

A ɗakin kwamfutar ya tarar da Injiniya tsaye, idanunta jawur. Murfin injin na yashe a ƙasa.

"Me kike yi da shi?"

"Manhajar fihirisa nake ɗorawa, yallaɓai, wadda za a rubuta jimla ta nemo ta a kowane kundi. Ba haɗaɗɗiya na samo ba. Ɗanyen rubutunta na sauke, injin ke harhaɗa shi da kansa. Wuni yake ci. Na bar shi yana yi na fita hutun rana, na dawo na tarar da wannan ɓarnar."

"Yana aiki aka buɗe shi?"

"Allon ne kawai ya yi duhu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka a kashe yake. Amma lokacin harhaɗawa cikinsa kamar murhu ne." Ta nuna wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, daf da gurbin faifan. "Wannan in ka taɓa shi sai ka kira sunan kakarka."

"Wa kika yi wa bayanin manhajar?"

"Dakta. Ya tambaye ni ko za ta gane kundi biyu masu rubutu iri ɗaya. Na ce cikin ƙiftawar ido."

Ran Sufeto ya soma ɓaci. A hanya ya tsaya wurin sakatariyar Dakta.

"Me ya sami yatsun Dakta?"

"Wai butar shayi ce ta ƙona shi." Ta taɓe baki. "Mutumin da ko cokali sai an miƙa masa?"

Sufeto ya tura ƙofar ofishin Dakta ba sallama, Kofur ɗin da suka zo tare yana biye da shi.

"Cire filastar."

"Ka san da wa kake magana?"

"Kofur, taimaka masa."

Ƙunar ta fito layi-layi, daidai haƙoran ƙarfen nan. Faifan kuwa yana cikin durowa, a naɗe da hankici.

Dakta ya zube a kujera. "Kundina... na wani ɗalibi ne da ya rasu. Suna kawai na canja. Da manhajar ta tashi, na kaɗe."

"Ka ci gumin mamaci, bai ishe ka ba, sai ka haɗa da 'yar mutane?" in ji Sufeto. "Da yau a bayan kanta za ta kwana, kai kana gida kana hura yatsa! Tir!"

Kofur ya ɗaura masa ankwa. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Injiniya.

"'Yata," in ji Dakta, "ki dubi furfurata."

Ta dubi furfurar. Ta dubi yatsun. Sannan ta raɓa ta gefensa, ta nufi ɗakin kwamfutar, ta ja ƙofar a hankali.