Haƙoran Ƙaramar Giya

A wata makaranta, can wani gari, an yi wata yarinya da ƙanwarta da suka shiga gasar ƙera mutum-mutumin inji mai tayoyi, mai hawa tudu. Suka zana akwatin giyarsa da kansu, wato faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya na juya ɗaya har tayoyi su motsa. Yayar ta yanka babban faifai, ya fito sumul. Ƙanwar ta yanka ƙarami, har yatsunta suka yi kanta.

Da aka haɗa su, sai akwatin ya cije, don haƙoran ƙaramin sun yi kauri.

'Yan ajinsu suka ce wa yayar, "Jefar da nata, ki yanka wani. Ai hannunki ya fi nata."

Ƙanwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, na ɓata mana, ko?"

Yayar ta ce, "Je ki wanke hannu, ki bar ni da shi."

Da ƙanwar ta fita, sai yayar ta ɗauki magagari, ta kama nata faifan mai kyau. Ta goga, ta gwada. Ta goga, ta gwada, har haƙoransa suka sirance, na ƙanwar suka samu wurin shiga.

Ranar gasa mutum-mutuminsu ya hau tudu yana ƙara. Wasu sun riga shi, amma ya kai ƙoli.

Ƙanwar ta daka tsalle. "Yaya, ashe nawa bai lalace ba!"

Yayar ta ɓoye yatsunta da magagari ya ƙuje a cikin hijabi, ta ce, "Da ma wa ya ce ya lalace?"