Gurbin Ƙwaryar Juwairiyya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo, Iya, mun kasa kunne.

Lokacin da babura suka fara yawa a Maigatari, akwai wasu mata na wata ruga da ke kai nono kasuwa a ƙafa. Goggo Kande ce shugabarsu. Ita ke fara aza ƙwarya, ita ke yanka farashi, kuma dokarta ba ta wuce biyu ba: tare ake tafiya, ba a barin kowa a baya. Idan sun iso tsamiyar bakin gari sai su jera ƙorensu a zagaye, su gyara gammo, a yi ta hira da tsiya. Kai, zamani mai daɗi.

Cikinsu akwai Juwairiyya, 'yar ƙanin Goggo, marainiyar da ta raina tun tana goye. Ita ce Sha'aibu ɗan acaba ya gani ya rasa sukuni.

"Sanyin idona, hau in kai ki mana... ƙaya ta soke ki, kina ɗingishi."

"Goggo ta hana."

"Yau kaɗai."

Ta hau. Ta riga su isa kasuwa, nononta ya ƙare kafin su sauke nasu.

Ba wanda ya zage ta. Da kasuwa ta zagayo, ta iso tsamiya ta tarar an matse ƙoren, babu gurbin tata. Ta gaishe su, suka kau da kai. Har Zakiyya, ƙawarta da suke cin tuwo kwano ɗaya, sai ta hau gyaran faifai. A gida kuwa Goggo ta gaya wa Bappa, maigidanta, ko mai babur ya turo manyansa ba da bakinta ba.

"Ki bar tallan," in ji Sha'aibu da suka haɗu a bakin rijiya. "Zan riƙe ki, wallahi."

"In juya wa Goggo baya, matar da ta tauna ta ba ni? In shiga ɗakinka ba albarkarta? Ina sonka, Sha'aibu... amma ba zan iya ba."

Haka ta yi ta bin matan daga nesa, tana cin ƙurarsu, ta zauna ita kaɗai a rana.

Cikin matan akwai Naja'atu, wata bazawara marar magana, wadda ko ra'ayinta ba a tambaya. Ran nan sai ta ja ƙwaryarta gefe, gurbi ya buɗe.

"Juwairiyya, kawo taki nan."

Goggo ta ɗago. "Wa ya ba ki izini?"

"Ke, Goggo. Kin ce ba a barin kowa a baya. Ga ta can a baya."

Zakiyya ta ja tata. Sauran ma suka ja. Goggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ga hawaye.

"Ku ba ku gane ba... Yau ya ɗauki wannan, gobe wani ya ɗauki Zakiyya. Kowa ta yi gaba da nononta. Ni da wa zan taka hanyar nan?"

Juwairiyya ta durƙusa ta riƙe ƙafarta. "Da ni, Goggona. Ko na yi aure, da ni."

Da la'asar suka kamo hanyar gida. Sai Zakiyya ta waiga ta toshe baki. Sha'aibu ne a bayansu, ya kashe babur yana tura shi cikin rairayi, gumi har ƙafa. Ashe Juwairiyya ta ce masa in dai sonta yake, ya koyi tafiyarsu.

Goggo ta yi kamar ba ta gani ba, har suka wuce gonakin gero. Can ta tsaya.

"Kai mai babur, jakin naka ne ya gaji ko kai?"

"Ni ne, Goggo."

"To matso cikinmu, kada a ce mun yar da mutum. Gobe ka turo kawunka wajen Bappa."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Juwairiyya ta cika alkawari, ta taka hanya da Goggo har gwiwoyin tsohuwar suka ƙi, daga nan Sha'aibu ya riƙa kai ta a babur tana mita. Goggo ta rasu a ɗakinsu. Naja'atu ta riƙe shugabanci har matan suka koma aika nono a jarka, tafiyar ta mutu. Zakiyya ta yi aure a Gagarawa. Juwairiyya da Sha'aibu suna Gumel da 'ya'yansu, babbar sunanta Kande.