Sabuwar Motar Madam Dinah

"Sauka! Na ce ka sauka!"

Meshak bai gama taka birki ba bakin bindiga ya shigo ta taga. Da rana tsaka ne, a wata kwana kafin a shiga Kagoro. 'Yan fashi ne su uku, kowa ya rufe fuska da hular sanyi.

Matarsa, Madam Dinah mai gidan burodi a Kafanchan, ta rungume sitiyari daga kujerarta.

"Yesu! Jiya-jiya na saya motar nan! Ko ledan kujera ban cire ba!"

"Madam, cika ko in fasa kai!"

Suka finciko su biyun, suka watsar a ciyawa. Dinah ta miƙe tana ihu, "Ku tsaya! Akwai..." Amma mota ta riga ta cilla.

Obadiah ne shugaban 'yan fashin, shi ya kitsa komai. Tun ranar da ya ga Dinah tana zagaya farar motar a wurin dillali, tana ƙwanƙwasa taya, tana sa Meshak ya leƙa ƙarƙashi ko injin na ɗigar mai, ya ƙyalla ido a kan motar. Mota ce ta ɗaukar kaya, bayanta a rufe ruf, kusan sabuwa. Shekaru Dinah ta yi tana raba burodi a kan okada, ruwan sama na jiƙa mata kaya, har sai da ta haɗa da kuɗin cittar gonarta kafin ta iya sayen ta. Obadiah bai damu da wannan ba. Yana da mai saye a Jos. Ya ɗauko Leonard mai bindiga ƙirar gida, da Yafet, tsohon kwandasta, don ya yi tuƙi.

"Taka, Yafet! Taka!"

"Oga, motan nan na da nauyi fa."

"Burodi ne. Za mu ci a hanya."

Sai suka ji bugu daga baya. Dum! Dum! Sai wata murya ta ɗaga waƙar yabo, wasu muryoyi suka amsa, har da tafi.

Leonard ya saki bindiga a cinya. "Oga, burodi na waƙa."

Obadiah ya ja ɗan murfin tagar da ke tsakanin gaba da baya. Mata ne cike, zaune kan akwatunan burodi, duk da zani iri ɗaya. Zumuntar matan cocin su Dinah ce, an kwaso su zuwa Kagoro wurin fasto don a yi wa mota addu'a. Ba su san abin da ya faru ba, sun zaci Meshak ne yake gwada ƙarfin inji.

Wata tsohuwa mai tabarau, Mama Asibi, shugabar zumunta, ta kawo fuska. "Meshak, a hankali mana, za ka... Kai! Wanene wannan da hula a zafin nan?"

"'Yan fashi ne, Mama! Kowa ya yi shiru!"

Shiru ɗin bai kai numfashi biyu ba. Matan suka ɓarke da addu'a gaba ɗaya, kowace da harshenta, suna dukan bangon mota.

A can baya kuwa, Dinah ta tare wani ɗan okada, ta haye ba takalmi, ta bar Meshak yana neman tabaransa. Ta ari wayar ɗan okadan ta kira ƙanin mijinta, Saja Gilbert, wanda ke aiki a shingen 'yan sanda da ke gaba.

"Gilbert! Sun ɗauke motata da Mama Asibi a ciki!"

Gilbert ya ajiye gasasshiyar masarar da yake ci. "Da Mama Asibi? Kash. Allah ya taimaki ɓarayin nan." Ya daka tsawa, "Ku jawo katakon ƙusa!"

Cikin mota gumi ya jiƙe Yafet. "Oga, mu sauke su mana. Wannan ya zama kidnapin fa."

Addu'a ta tsaya cak.

"Wannan muryan," in ji Mama Asibi. "Sake magana."

Yafet ya ƙara jawo hularsa ƙasa.

"Yafet! Yafet ɗan Afiniki! Ni na yi wa uwarka wankan jego, ni na goye ka zuwa baftisma! Ba ka ce mana kana aikin kamfani a Abuja ba?"

"Anti, ba ni ba ne!"

"Don ubanka, tsaya da motan nan!"

Obadiah ya fizge bindiga ya ɗora wa Yafet a kunne. "Ka tsaya, ka mutu."

Yafet ya dubi bindiga. Ya dubi tabaran Mama Asibi a madubi. Ya hango shinge a gaba, 'yan sanda sun durƙusa. Ya ɗaura bel ɗin kujerarsa a hankali, sannan ya danna birki da ƙafa biyu.

Ƙiiii! Gau!

Obadiah da Leonard suka gwabza goshi da gilashi. Bindiga ta tashi, ta huda rufi. Yafet ya yi tsalle waje hannu sama. "Ofisa, ga su nan! Su ne! Ni tilasta ni aka yi!"

Wani kurtu ya buɗe ƙofar baya, kuma nan ya yi kuskure. Kafin Gilbert ya iso da ankwa, mata sun rufe Obadiah da takalma da jakunkuna. Da ƙyar aka ƙwace shi.

Obadiah ya bar haƙora biyu a bakin titi, shi da Leonard kotu ta tura su gidan yari na shekaru. Mata biyu sun gurɗe ƙafa. Dinah ta samu motarta da tsagaggen gilashi da rami a rufi. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta tura a nemo mata mai walda.

Yafet kuma, a ofishin 'yan sanda ya tona komai, har sunan mai saye a Jos. Gilbert ya gama rubutawa ya ce, "To, ka taimaka. Wataƙila a ba da belinka. Antinka na waje, ta ce ita za ta tsaya maka."

Yafet ya leƙa ta taga. Mama Asibi na zaune a benci, ta cire tabarau, tana gwada wani reshen gwaba a tafin hannunta.

Ya kama ƙafar Gilbert da hannu biyu.

"Ofisa, ka yi wa Allah ka kulle ni."