Kukan Malam a Lasifika

Tana ninke kaya tana cusawa a akwati, hawaye na ɗiga a kan zannuwan, shi kuwa Malam yana tsaye bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Auta, don Allah ki saurare ni—"

"Ai na saurare ka a huɗuba, ni da duk unguwa! Mai kemis da ke sayar wa yara maganin tari suna buguwa, ko? Kemis nawa ne a layin nan? Ɗaya tal, na Abbana!"

"Ban kama suna ba."

"Please, Malam! Sai ka kama? Gaskiya ka faɗa, ban musa ba. Amma surukinka ne fa. Ka taɓa zuwa ka durƙusa ka gaya masa tsakaninku? Ya ce in koma gida, kuma zan koma."

Haka ta ja akwatinta. Malam ya je gidan Abba ban haƙuri har ya gaji, ko tabarma ba a ba shi ba. Malam ya rame ya lalace, abin tausayi, ga son matarsa na cin sa.

Wata rana bayan la'asar, da masallaci ya watse, ya zauna shi kaɗai ya ɗaga hannu. Ashe bai kashe lasifika ba!

"Ya Allah, na gaji," in ji shi. "Ban roƙi aikin nan ba, Kai Ka ɗora min. In na yi shiru, yaran nan da muke binnewa su hana ni sukuni. Na yi magana, gidana ya mutu. Ina Kake so in sa kaina? Na sani na yi kuskure, tsoron idon Abba ya sa na ɓuya bayan mumbari, na tozarta shi. Ka yafe min. Ya Rabbi, ina son matata, wallahi ina son ta..."

Sai kuka, wiwi, unguwa kaf tana ji. Masu shago suka kasa kunne. Auta na tsakar gidansu, ta toshe baki da mayafi.

Abba ma ya ji komai. Can ya ce, "Tashi ki je ki kashe masa abin nan, ya ishe mu. Ki tafi da akwatinki."

Ta koma ɗakinta, maganin tarin ma ya ɓace daga kemis. Haƙuri ya yi rana, sai dai wa'azin da aka fara a bainar jama'a kafin a yi shi a cikin gida, tabonsa ba ya gogewa. Abba ya canja masallaci, kuma har ya koma ga Allah bai sake bin Malam salla ba. A makabarta Malam ya fi 'ya'yan cikin Abba kuka.